Jar fitilar baƙin mai ta kama a hanya: a tsaya nan take ko a lallaɓa zuwa gareji?

Malam Habibu Zariya:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da tambaya ga masu gyaran mota da direbobin da suka daɗe a kan hanya. Motata Camry ce ƙirar 2008, wadda ake kira Muscle, mai silinda huɗu. A 'yan kwanakin nan jar fitilar nan mai hoton butar mai takan yi walƙiya idan na sha kwana mai tsanani ko na taka burki da ƙarfi, amma da zarar hanya ta miƙe sai ta ɗauke. Ban ji wata baƙuwar ƙara daga injin ba, kuma lokacin juye, wato canjin man inji, bai yi ba tukuna. Wani abokin aikina ya ce fitilar tana nuna cewa mai ya ɗan ragu ne kawai, saboda haka babu laifi in ci gaba da hawa har ƙarshen wata. Shin maganarsa tana kan hanya?

Oga Sule Bakanike:
Wa alaikumus salam Malam Habibu. Don Allah kada ka sake tayar da motar nan sai ka buɗe bonet ka zaro geji, wato sandar awon mai, ka duba. Abokin aikinka bai fahimci aikin wannan fitila ba, kuma ba shi kaɗai ba ne, yawancin masu kawo mana injin da ya buga da irin wannan fahimta suke zuwa.

Jar fitilar ba ta san ko lita nawa ce a cikin inji ba. Abin da take ji shi ne ƙarfin da famfo yake tura mai da shi zuwa cikin karanshaf da metal ɗin da yake juyawa a kansu da saman inji, kuma a mafi yawan motoci ba ta kamawa sai wannan ƙarfi ya faɗi ƙasa da rabin bar a ma'aunin ƙarfin mai, wato ya kusa ƙarewa gaba ɗaya. Mai yana kwance ne a cikin kaskon ƙasan inji, famfo kuma yana zuƙo shi ta wani bututu mai rariya a baki. Idan man ya yi ƙasa sosai, sai ka sha kwana ko ka taka burki, ɗan abin da ya rage ya tuɗe gefe ɗaya, bakin bututun ya fito fili, famfo ya zuƙi iska. A wannan daƙiƙar ce fitilarka take walƙiya, kuma a wannan daƙiƙar ƙarfe yana gogar ƙarfe ba tare da mai a tsakaninsu ba. Motar da ta kai ga haka ba rabin lita ta rasa ba, sau da yawa kusan rabin man cikinta ne ya tafi.

Alhaji Ɗanlami Mai Sharon:
Oga Sule, ban ƙi maganarka ba, amma ina ganin kuna yawan tsorata mutane. Mu da muke bin hanyar Kano zuwa Maiduguri mun san motoci da yawa, musamman Golf 3, da fitilar mai take kamawa idan inji ya ɗau zafi kuma aka tsaya a silo, wato inji yana aiki ba a taka totur ba, da an ɗan ba ta wuta sai ta mutu, kuma haka ake ta lodi da su wata da watanni. Sau da yawa sensa ce ta lalace ko waya ce ta taɓa jiki. Sannan akwai maganar da ba a faɗa: idan fitilar ta kama maka da magariba tsakanin Potiskum da Damaturu, ga fasinja cike da mota, wa zai ce maka ka tsaya a dokar daji saboda fitila? Inji ana sayen wani, rai kuwa ba a saye.

Injiniya Maryam:
Alhaji, maganar tsaro gaskiya ce, kuma babu mai hankalin da zai ce a ajiye iyali a wurin da ake tsoro domin a ceci inji. Amma ya kamata direban da ya zaɓi ya ci gaba ya san cewa injin ne ya sadaukar, kada ya ɗauka cewa tafiya a hankali tana kare shi. Injin da babu ƙarfin mai a cikinsa yana iya lalacewa cikin 'yan mintoci, kuma rage gudu jinkirta ɓarnar kawai yake yi.

Game da Golf 3 kuwa, misalin da ka kawo ya fi ƙarfafa maganar Oga Sule. Wannan mota sensa biyu gare ta, ɗaya tana lura da ƙarfin mai a silo, ɗaya kuma tana lura da shi idan juyin inji ya wuce kimanin 2,000 a minti ɗaya, shi ya sa wani lokaci za ka ji ta tana kuka tare da fitilar. Idan fitila tana kamawa a silo bayan inji ya yi zafi, ta kuma mutu da an taka totur, galibi alama ce ta cewa metal sun cinye sun yi faɗi, ko famfo ya gaji, ta yadda man da zafi ya tsinka yake zurarewa ba tare da ya riƙe ƙarfi ba. Irin wannan inji yana iya daɗewa yana aiki, haka ne, amma a kan hanyar bugawa yake. Haka kuma yana iya zama sensa ce kamar yadda ka ce, sai dai ba a gane hakan daga kujerar direba. Ana kwance sensar ne a ɗaura agogon awon ƙarfin mai a gurbinta, a tayar da inji a karanta lambar a silo da kuma lokacin da aka ba shi wuta. Aikin bai kai na awa ɗaya ba, kuma shi ne yake raba gardama.

Alhaji Ɗanlami Mai Sharon:
To Hajiya, garejin nawa ne a bakin tasha suke da wannan agogo? Yawancinsu kunne suke sa wa.

Oga Sule Bakanike:
Alhaji, kunnen ma yana da amfani, domin idan saman inji ya fara kas-kas kamar ba shi da mai, ko ƙasansa ya fara bugawa da nauyi, magana ta ƙare. Matsalar ita ce lokacin da kunne zai ji, ɓarna ta riga ta fara. Agogon kuwa ana samunsa a Panteka da Ƙofar Ruwa, kuma kuɗinsa bai kai na gyaran karanshaf sau ɗaya ba. Ni abin da nake gaya wa direbobi shi ne, idan jar fitila ta kama, a nemi wuri mafi kusa da za a iya tsayawa lafiya, a kashe inji, a duba geji. Idan mai ya yi ƙasa, a ƙara, a tayar, idan fitilar ta mutu cikin daƙiƙa kaɗan kuma babu ƙara, a tafi ana lura. Idan kuma geji ya nuna mai a cike amma fitila ba ta mutu ba, wannan ya fi haɗari, domin yana nufin man yana nan amma ba ya zagayawa, ko rariya ta toshe da dasƙararren datti ko famfo ya mutu. Wannan motar janwe take buƙata. Shi ya sa duk mai doguwar tafiya ya kamata ya ajiye lita ɗaya ko biyu a but.

Hajiya Binta Maman Ummi:
Salamu alaikum. Ni tambayata a kan duba gejin ne kansa, domin an rikita ni. Maigidana yana cewa da sassafe ake dubawa kafin a tayar da mota, yaron gidan mai kuma ya taɓa duba mini ina tsayawa, ya ce man ya yi ƙasa, ya so ya sayar mini da lita ɗaya. Washegari da safe aka duba a gida aka ga yana daidai. Wanne ne gaskiya?

Injiniya Maryam:
Hajiya, maigidanki ya fi kusa da daidai. Lokacin da inji yake aiki, wani kaso na man yana sama, a cikin hanyoyinsa da kan silinda, kuma yana buƙatar lokaci kafin ya gangaro ya koma kasko. Wanda ya zaro geji da kashe mota zai ga ƙasa da abin da yake ciki. Littattafan motoci da yawa suna cewa a kashe inji bayan ya ɗau zafi, a jira minti biyar zuwa goma, sannan a duba. Awon safiya shi ma yana da kyau, bambancin da ke tsakaninsu kaɗan ne, abin da ya fi muhimmanci shi ne mutum ya riƙe hanya ɗaya domin ya iya kwatanta awon wannan mako da na makon jiya.

Abu na biyu da mutane suke mantawa shi ne shimfiɗar ƙasa. Yawancin gidajenmu ana ɗaga ƙofar shiga saboda ruwan sama, sai mota ta kwana gabanta a sama ko a ƙasa, kuma wannan karkata kaɗai tana iya sa geji ya nuna cike alhali ba cike ba, ko ya nuna ƙasa alhali lafiya lau. A nemi wuri mai baje.

Yadda ake yi kuwa shi ne, a zaro sandar, wadda marikinta yawanci rawaya ne ko ruwan lemo, a goge ta tas da tsumma mai tsabta, a mayar da ita har ta zauna ƙarshe, sannan a sake zarowa a riƙe ta a kwance. Zarowar farko ba a karanta ta, domin man da ya fantsama a jikin bututu yana shafe ta. A ƙarshen sandar akwai alama biyu, wani lokaci ɗigo biyu ne ko huda biyu, wani lokaci haruffan L da F ko MIN da MAX, wani lokaci kuma wuri ne mai zane-zane. A duba fuska biyun sandar, idan sun saɓa a ɗauki wadda ta fi ƙasa. Idan man sabo ne garau har ba a ganinsa sosai, a ɗora bakin sandar a kan farar takarda, inda ya jiƙa zai nuna iyakarsa. A mafi yawan ƙananan motoci, tazarar da ke tsakanin alamar ƙasa da ta sama kimanin lita ɗaya ce, saboda haka idan mai yana tsakiya, rabin lita ya isa. Kuma ga masu mota otomatik, a kula kada a rikita gejin inji da na giya, wanda mansa yakan zama ja.

Hajiya Binta Maman Ummi:
Na gode ƙwarai Injiniya, Allah ya ƙara basira. Ke nan da na karɓi litar nan da man ya wuce iyaka.

Oga Sule Bakanike:
Da ya wuce, Hajiya, kuma wannan ma cuta ce da muke gani kullum. Mutum zai sayo galan mai lita biyar, injinsa kuma lita huɗu da 'yan kai yake ci, sai ya tsaya a kan yaro ya ce a juye duka tunda kuɗinsa ne. Idan mai ya haura har karanshaf yana taɓa shi, yana kaɗa shi ne ya zama kumfa, famfo kuma ba ya iya tura kumfa da ƙarfi. Ga shi kuma yana matsa wa sil da gasket har su fara yoyo, wani ya bi ta hanyar iska ya shiga ya ƙone, mota ta fara hayaƙi. Ɗan abin da ya haura alama da kaɗan ba zai kashe inji ba, amma idan ya kai rabin lita ko fiye, a kwance a rage. Ragowar galan ɗin ita ce za a ajiye a but domin ƙari.

Malam Habibu Zariya:
Na bi shawararku na duba a wuri mai baje. Man ko alamar ƙasa bai kai ba, bakin sandar kawai ya ɗan taɓa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, inda motar take kwana babu ko ɗigo ɗaya a kan siminti, kuma ƙasan injin a bushe yake. To ina man yake tafiya?

Injiniya Maryam:
Malam Habibu, injin ne yake shan shi, kuma motarka ta shahara da wannan. Injin 2AZ-FE mai lita 2.4 da aka sa wa Camry daga 2007 zuwa 2009 yana da matsala a fistin, inda ƙananan hudojin da mai yake komawa ta cikinsu suke toshewa, ringin da yake share mai daga bangon silinda ya maƙale, sai man ya riƙa haurawa yana ƙonewa tare da fetur. A 2011 kamfanin Toyota ya aika wa dilolinsa na Amurka sanarwa a kan haka, inda ma'aunin ya kasance cewa motar da ta sha fiye da kusan lita ɗaya a cikin mil 1,200, wato kimanin kilomita 1,900, sai an canja mata fistin da ringi. Da yawa daga cikin waɗanda aka shigo mana da su ba a taɓa yi musu wannan gyara ba. Ba lallai ne ka ga shuɗin hayaƙi a salansa ba, domin tukunyar tace hayaƙi tana ƙone mafi yawansa, sai dai ka ga filogi yana yin baƙi ko bakin salansa ya yi maiƙo.

Ka lissafa da kanka. Idan injin yana ɗaukar lita huɗu da 'yan kai, yana kuma shan lita ɗaya a kowane kilomita 1,500 ko 2,000, kafin ka cika kilomita 5,000 na juye fiye da rabin man ya tafi. Ga mai irin wannan mota, ranar juye ba ita ce ma'auni ba, geji ne ma'auni, kuma sau ɗaya a mako bai yi yawa ba. Ka cika shi zuwa alamar sama, ka rubuta lambar kilomita, ka sake dubawa bayan kilomita 1,000, daga nan za ka san ko ƙari zai ishe ka ko kuwa sai an sauke inji.

Alhaji Ɗanlami Mai Sharon:
Maganin wannan ai sananne ne. Ya daina zuba mata man nan mai kama da ruwa, ya koma mai kauri mai lamba 20W-50. Wannan siririn mai na ƙasashen sanyi ne, ba na Sakkwato ko Maiduguri ba, inda zafi yake wuce digiri 40 a watan Afrilu.

Injiniya Maryam:
A nan kam mun saɓa, Alhaji. Injin da lagireto da fankarsa suke lafiya yana aiki ne a wajen digiri 90 zuwa 100, ko a Jos yake ko a Maiduguri, saboda haka zafin gari ba ya canja lissafin kamar yadda ake zato. Murfin zuba mai na waɗannan Camry da aka shigo da su daga Amurka yana ɗauke da 5W-20 ko 0W-20, domin injin yana da tsarin VVT-i, mai daidaita lokacin buɗewar bawul, da yake aiki da mai ta cikin ƙananan hanyoyi masu rariya. Mai kauri yana jinkirin isa saman inji a lokacin tayarwa, musamman da asubar hunturu, kuma a wannan lokacin ne inji ya fi cinyewa. Gaskiya ne 20W-50 yana iya rage shan man kaɗan, yana kuma iya kashe fitilar da take kamawa a silo, amma bai buɗe hudojin fistin ba, bai kuma mayar da metal sababbi ba. Ga tsohuwar Golf ko 504 ba ni da ja, an ƙera su ne da irin wannan mai a zuciya.

Oga Sule Bakanike:
Ni a tsakiya nake a wannan. Na yarda da Injiniya cewa tsalle daga 5W-20 zuwa 20W-50 ya yi yawa, amma injin da ya yi tafiyar kilomita dubu ɗari biyu da wani abu, na ga 5W-30 ko 10W-40 yana zama da shi lafiya. Abin da ya fi damuna ma ba lambar ba ce, ingancin man ne. Wanda ake aunawa a kwalba a bakin titi, da wanda aka cika a tsohon galan aka liƙe, su ne suke barin baƙin dasƙararren dattin da yake toshe rariyar famfo. Idan ka buɗe murfin zuba mai ka haska da tocila ka ga ciki ya yi kauri baƙi ƙirin, to wannan injin ya sha wahala. Kuma a kan hanya, idan mai ya yi ƙasa kuma ba a sami irin naka ba, a zuba duk man inji mai kyau da aka samu, domin gauraye ya fi babu nesa ba kusa ba.

Malam Isufu Maraɗi:
Ina gaishe da dattawan zaure. Ina so in ƙara wani abu, domin ba dukan motoci ba ne suke da jar fitila kaɗai. Peugeot 406, wadda ku ma kuka sani tunda an haɗa ta a Kaduna, tana nuna yawan mai a allon kilomita na 'yan daƙiƙu da zarar an murɗa makulli, amma awon ba ya zama daidai sai mota tana wuri mai baje kuma ta ɗan jima a kashe. Wasu motocin Volkswagen da Mercedes kuma suna da fitila rawaya wadda ita ce ta yawan mai. Rawayar tana cewa a ƙara mai a tsayawa ta gaba, jar kuwa tana cewa a kashe inji. Akwai ma BMW da yawa daga wajen 2005 zuwa sama da babu sandar geji a jikinsu sam, sai dai a duba a allo bayan inji ya ɗau zafi. A nan wurinmu na ga masu irin wannan mota suna bidanj, wato juye, ba tare da sun auna litar da suka zuba ba, suna jiran allo ya gaya musu, alhali sensar da take ƙasan kasko ita ma tana mutuwa.

Baban Sadiq:
Ni kuma tawa akasin ta Malam Habibu ce. Man motata ƙaruwa yake yi, ya haura alamar sama ba tare da na zuba komai ba.

Oga Sule Bakanike:
Yallaɓai, mai ba ya haihuwa, wani abu ne yake shiga cikinsa, ko ruwa ko fetur. Ka zaro geji ka duba launi, ka kuma juya murfin zuba mai ka duba cikinsa. Idan ka ga ya zama kamar shayi da madara, kuma ruwan lagireto yana raguwa, to gasket ɗin kan silinda ya ƙone, ruwa yana gangarawa cikin mai, kuma irin wannan mai ba ya kare metal ko kaɗan. Idan launin bai canja ba amma ya tsinke kuma yana warin fetur, to ko nozul yana ɗiga, ko wata silinda ba ta ƙonawa, fetur ɗin yana wanke bango yana sauka ƙasa. Cire tamostat da ake yi wa motoci a nan yana ƙara wannan matsala, domin injin ba ya ɗaukar zafin da zai ƙone fetur da danshin da suka shiga mai, balle ga wanda tafiyarsa ba ta wuce gida zuwa ofis ba. Ko wanne ne daga ciki, a gyara musabbabin sannan a yi juye tare da sabuwar filta.

Baƙin launi shi kaɗai kuwa ba laifi ba ne. Motar gas, wato dizal, tana mayar da sabon mai baƙi cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma hakan ba ya nufin ya lalace.

Hajiya Binta Maman Ummi:
Oga Sule, wata tambaya ta ƙarshe daga gare ni. Ƙanena yana neman sayen mota ta hannu, kuma mai ita yana ta alfahari cewa babu fitila ko ɗaya da take kamawa a allonta. Yaya za a tabbatar cewa fitilar man tana aiki ma?

Oga Sule Bakanike:
Ya murɗa makulli zuwa inda allo yake kawo wuta, amma kada ya tayar da inji. A wannan lokacin dole ne jar fitilar mai ta kama ta tsaya, domin famfo ba ya juyawa. Da ya tayar kuma ta mutu cikin daƙiƙa biyu ko uku. Idan ba ta kama ba tun farko, to ko an cire ƙwan, ko an liƙe shi da baƙin tef ta ciki, ko an zare wayar sensa, kuma wanda ya yi hakan akwai abin da yake ɓoyewa. Idan kuma ta daɗe kafin ta mutu, musamman aka ji saman inji yana kas-kas a wannan tsakani, ya sa a ɗaura agogo a auna kafin ya biya ko sisi. Ya kuma nemi a bar masa motar ta kwana ba a tayar ba, ya je da safe ya tayar da ita da hannunsa, wani ya tsaya a baya yana kallon salansa.